Alhaji Umaru na Kete-Krachi: mawaƙin da karatu ya wasa wa baiwa

A zanguna da yawa ana ɗaukar waƙa a matsayin baiwa da mutum yake tashi da ita, ilimi kuma aikin malamai ne, kowa da layinsa. Rayuwar Alhaji Umaru, malamin da har yau ake tunawa da shi a Zongon Kumasi da sauran zangunan Ghana da Togo, ta nuna cewa abubuwan biyu na iya zama a kai ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

An haife shi a Kano wajen 1858, asalin iyayensa mutanen Kabi ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya kuma bi ayarin fataken goro zuwa Salaga, babbar kasuwar Gwanja. A 1877, yana da kimanin shekara 20, ya rubuta littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, abin da fatake da sarakuna ke bukata kullum. Wato kafin sunansa ya fita a waƙa, ya riga ya nuna kaifin tunani wajen tsara magana.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake da malamai suka bazu. Umaru ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamusawan Togo, ya zama limaminta. A can ya haɗu da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus ɗin Hausa a 1906. Umaru ya rubuta masa bayanai da ajami a kan tarihin garuruwan Hausa, noma, sana'o'i, kasuwanci da aure. Masana tarihi na dogara da su har yanzu: Douglas Ferguson ya gina digirinsa na 1973 a Amurka a kansu.

Idon da ya yi wannan lura shi ne ya yi waƙoƙin. A waƙoƙinsa kan zuwan Nasara, da Larabci da Hausa, ya jero garuruwan da Turawa suka ci ɗaya bayan ɗaya, har suka zama kamar kundin tarihi. Waƙar Talauci da Wadata ta zayyana yadda ake wulaƙanta matalauci a girmama mai kuɗi, ko da halinsu ɗaya. Da annobar mura ta 1918 ta iso, ita ma ya sa ta a waƙa, ya kwatanta yadda take kama mutum. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da sai wanda ya ƙoshi da nahawu da arulli yake iya taɓawa. Baturen nan R. S. Rattray, mai bincike a ƙasar Asante, ya buga wani yanki na fassarar a 1934.

Ya tafi hajji a 1913, ya daɗe kafin ya dawo. Da cinikin goro ya karkata kudu, Zongon Kumasi ya cika da baƙi daga Kano, Katsina da Sakkwato, Umaru ya riƙe zumunci da manyansa. Ya yi wa Malam Sallau, Bakatsinen da ya zama Sarkin Zongon Kumasi, waƙar yabo, almajiransa kuma suka buɗe makarantu a zanguna daban-daban.

Ba kowane mai basira ke iya waƙa ba, kuma akwai mawaƙa masu daɗin baki da ba su taɓa zama gaban malami ba. Abin da ya bambanta Umaru shi ne karatu ya ba baiwarsa abin faɗa, baiwar kuma ta sa iliminsa ya shiga kunnen ɗan dako da bafatake. Iyayen zango da ke tsoron kada zane ko waƙa su raba yaro da littafi suna da abin dubawa a nan.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Tafkin Volta ya cinye tsohon garin a shekarun 1960, amma kwafen rubuce-rubucensa suna ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon. Allah ya jiƙansa.