Tin Hinan: Matar da Abzinawan Ahaggar ke kira kakarsu

Duk matafiyin da ya baro Agadas, ya bi ta Arlit da Assamaka, ya tsallaka iyaka a In Guezzam har ya sauka Tamanrasset, ba zai kwana biyu a garin ba sai ya ci karo da sunan Tin Hinan, ko a allon shago, ko a jikin otal, ko a bakin masu yi wa baƙi jagora. Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a can sun saba da sunan, amma ba kowa ya san mai shi ba. Mace ce da ta rasu fiye da shekara 1,500 da suka wuce, kuma kabarin da ake jingina mata yana Abalessa, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset, a kan wani tudu da ke kallon kwarin garin.

Labarinta ya iso mana ta hanya biyu. Akwai abin da kakanni suka riƙa faɗa wa jikoki a bakin tanti, akwai kuma abin da aka tono daga ƙarƙashin duwatsu a ƙarni na 20. Wani wuri hanyoyin biyu sun haɗu, wani wuri sun raba gari.

Tafiya daga Tafilalt

Bisa tarihin baka na Kel Ahaggar, wanda Charles de Foucauld yana cikin waɗanda suka fara rubuta shi a farkon ƙarni na 20, Tin Hinan 'yar babban gida ce daga Tafilalt, a kudu maso gabashin Maroko ta yau. Ta baro ƙasarsu a kan farar raƙuma, tare da hadimarta mai suna Takamat, suka nufi kudu maso gabas cikin Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Wasu suna fassara sunanta da ma'anar mai tantuna, wasu kuma da ma'anar mai ƙaura, wadda ba ta daɗewa a zango ɗaya.

Tun kafin su kai ga duwatsun Ahaggar guzuri ya ƙare. Babu gari kusa, babu ayarin da zai taimaka. A nan ne Takamat ta hango gidan tururuwa, ta sauka ta tona, ta tarar da ƙwayoyin ciyawar daji da tururuwar ta tara. Ta tattara su, ta sheƙe, ta niƙa, suka samu abin da ya riƙe su har suka iso Abalessa.

Wannan ɓangare na labarin bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Tona gidan tururuwa dabara ce da mutanen Sahel da Sahara suka sani tun tuni, kuma ko a yunwar 2005 a Nijar an ga mata suna yin haka don su ciyar da 'ya'yansu. Masanin nan ɗan Faransa, Marceau Gast, wanda ya fara aiki a Ahaggar a matsayin malamin makarantar makiyaya, ya yi rubutu mai zurfi a kan yadda mutanen yankin ke cin ƙwayoyin ciyayi irin su afezu da tullult idan hatsi ya yi wuya, kamar yadda kakanninmu suka ci ƙarangiya a shekarun fari. Abin lura shi ne, tarihin da manyan gidaje suka adana bai ɓoye cewa hadima ce ta ceci uwargijiyarta ba, kuma da sanin abinci ta cece ta.

Zama a Abalessa

An ce da suka iso sun tarar da ƙasar kusan babu kowa, sai wasu mutane ƙalilan da ake kira Isebeten, mazauna duwatsu, masu farautar ragon dutse da tsintar 'ya'yan itatuwa. Tin Hinan ta kafa zangonta a Abalessa, inda ruwa ba ya nisa da ƙasa, ta zama tamenokalt, wato sarauniya.

Daga nan ne zuriya ta rabu. Kel Ghela, gidan da ya riƙe sarautar Ahaggar, suna cewa sun fito ne daga Kella, wadda tarihin baka ke kira 'yar Tin Hinan. Dag Ghali da Ait Loayen kuwa ana danganta su da Takamat, kuma an ce uwargijiyar ta ba zuriyar hadimarta gonakin dabino na Silet da Ennedid. Masana tarihi sun nuna cewa Kella ta rayu fiye da shekara 1,000 bayan zamanin kabarin Abalessa, don haka jika ce mai nisa da bakin mutane ya mayar da ita 'ya. Sun kuma lura cewa labarin yana yi wa manya amfani, tun da yana bayyana dalilin da ya sa wani gida ke karɓar gaisuwar shekara, wani kuma ke biya.

Haka nan tarihin baka yana kiranta Musulma, alhali kayan da aka samu a kabarin sun girmi hijira ta shekarar 622. Jikoki ne da suka musulunta suka tufatar da kakarsu da addininsu, abin da ya faru da kakannin al'ummomi da dama.

Gidan da ta bari

Gadon Tin Hinan mafi girma yana cikin tsarin gida. A wurin Kel Ahaggar, haƙƙin riƙe ettebel, wato tambarin sarauta, ta ɗakin uwa yake bi. Namiji ne ke zama amenokal, amma sai mahaifiyarsa ta kasance daga tsatson Tin Hinan, shi ya sa ɗan 'yar'uwar sarki kan fi ɗan cikinsa kusa da sarauta. Ta wannan hanya Musa ag Amastan, wanda ya rasu a 1920, ya cancanci tambarin.

Tanti ma na mace ne. Idan yarinya za ta yi aure, mahaifiyarta da danginta mata ne ke haɗa mata tantin fata, da tabarmi, da akusa, da sauran kaya, kusan yadda ake haɗa wa amarya kayan ɗaki a ƙasar Hausa. Bambancin shi ne a can ɗakin kansa nata ne. Kalmar ehen tana nufin tanti, tana kuma nufin aure. Idan aure ya mutu, miji ne ke ɗaukar sirdinsa ya fita.

A cikin wannan tanti ake sarrafa abin da ke riƙe rai a ƙasar da ruwan sama ke iya shekara bai sauka ba. Madarar awaki ba ta jure zafi, don haka akan zuba ta a salkar fata ta kwana ta yi tsami, da safe a kaɗa a fitar da mai, a sha nonon. Tsamin nan shi ne ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, ya sa nono ya daɗe fiye da ɗanyar madara. Idan madara ta yi yawa sai a daskarar da ita da ɗan yankin tumbin ɗan akuya mai shan nono, a shanya ta bushe ƙayau, ta zama tikomarin, abin da muke kira cuku, wanda ke yin watanni bai lalace ba. Idan za a yi tafiya sai a daka gero da dabino da cuku, a dama da ruwa, a samu aghajira, wadda duk mai shan fura zai gane 'yar'uwarta ce. Akwai asink, tuwon gero da ake ci da nono ko mai, akwai kuma tagella, gurasar da ake binnewa cikin garwashi da rairayi mai zafi.

Geron da ke cikin waɗannan akusa yana da alaƙa da mu kai tsaye. Daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa bayan samun 'yancin kai, ayarin Kel Ahaggar kan ɗebo gishiri a Amadghor, ya gangaro da shi Damargu, arewa da Damagaram, ya musanya da gero. Maza kan yi watanni a hanya, mata ne ke riƙe zango, da dabbobi, da yara. Kafa iyakoki, da zuwan manyan motoci, da farin shekarun 1970 ne suka karya wannan fatauci.

Karatun yara ma a hannun mata yake farawa. Uwa ce ke zana wa ɗanta haruffan tifinagh da yatsa a kan rairayi, ta share, ta sa shi ya maimaita. Mata ne kuma ke kaɗa imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Ranar da aka buɗe kabarin

Mutanen yankin sun daɗe suna girmama tudun Abalessa, ba wanda ya taɓa shi. A 1925 wata tawagar Faransawa da Amurkawa ta iso, cikinta akwai Maurice Reygasse, masanin tarihin da, da Byron Khun de Prorok, mutum mai son suna da shela. Ginin da suka tarar na duwatsu ne da aka jera ba tare da laka ba, tsawonsa kimanin mita 26, da ɗakuna 11 a ciki, ga ƙananan kaburbura kewaye da shi. A ƙarƙashin daɓen ɗaya daga cikin ɗakunan, bayan sun ɗaga manyan falalen duwatsu, suka sami rami.

A ciki akwai ƙwarangwal kwance a kan gadon ice, da ragowar jar fata da aka lulluɓe gawar da ita. A hannun dama mundaye 7 na azurfa, a hagu 7 na zinariya. Akwai duwatsun wuya iri-iri, da kofin gilashi, da wani ɗan mutum-mutumin dutse mai siffar mace, da wani siririn zinariya mai ɗauke da hatimin kuɗin Sarkin Rum Constantine, irin wanda aka buga tsakanin 308 da 324. Kusa da gawar kuma an ajiye kwanduna da akusa, da ƙwallayen dabino da ragowar ƙwayoyin abinci. Waɗanda suka binne ta sun yi mata guzuri, kamar mai shirin wata doguwar tafiya.

De Prorok ya kwashi kayan zuwa Paris yana ta yayata cewa ya gano sarauniyar Sahara. A lokacin littafin almara na Pierre Benoit, L'Atlantide, wanda ya fito a 1919 da labarin wata sarauniya a Ahaggar, yana tashe, sai jaridu suka cuɗa almara da tarihi. Bayan ce-ce-ku-ce aka mayar da kayan Aljiyas, inda aka ajiye su da ƙasusuwan a gidan tarihi na Bardo. Reygasse ya koma a 1933 ya tone sauran ɗakunan. Awon da aka yi wa icen gadon daga baya ya dace da shaidar kuɗin, ya sanya binnewar tsakanin ƙarni na 4 da na 5.

A 1968 Marie-Claude Chamla ta wallafa sakamakon binciken ƙasusuwan. Ta ce mace ce doguwa, tsayinta ya haura mita 1.70, tana da ciwo a ƙashin baya wanda zai sa ta ɗingishi, kuma mai yiwuwa ba ta taɓa haihuwa ba. Maganar ɗingishin ta ja hankalin masana, domin Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ambaci wata gurguwa mai suna Tiski a matsayin kakar Hawwara, ƙabilar da ake ganin daga sunanta aka samo Ahaggar. Daga baya wasu masu bincike a Aljeriya sun yi jayayya a kan ko ƙasusuwan na mace ne. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, wanda aka binne a Abalessa babban mutum ne, a zamanin da kayan Rum ke ratsa Sahara har tsakiyarta.

Abin da ya shafe mu

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tarihin da ke farawa da mace. Daura tana da jerin sarauniyoyinta har zuwa Daurama, Zazzau tana da Amina, Lugu tana da Sarauniya Mangu wadda ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Abin da ya bambanta Tin Hinan shi ne, ba a tuna ta da yaƙi ko ganuwa. Ana tuna ta da tafiya, da yunwa, da zangon da ta kafa a baƙuwar ƙasa, da 'ya'yan da ke lissafa kansu ta wajenta.

Wannan shi ne halin dubban matan Hausawa da ke zaune yau a Tamanrasset, da Sabha, da Kumasi, da Kwatano. Yaransu suna karatu da Larabci, ko Faransanci, ko Turanci, suna wasa a titi da wani harshe dabam. Mu da ke aikin koyarwa muna ganin bambanci a fili tsakanin yaron da ake yi wa tatsuniya da hira da Hausa a gida, da wanda Hausarsa ta tsaya a gaisuwa. Na biyun idan aka kai shi ganin dangi a Maraɗi ko Katsina, sai ya zauna gaban kakarsa shiru, a nemo mai yi musu tafinta.

Tamahaq, harshen Kel Ahaggar, ya yi ƙarnoni babu makarantar gwamnati da ke koyar da shi. A 2016 ne kuma Aljeriya ta mayar da Tamazight harshen hukuma. Duk tsawon wannan lokaci iyaye mata ne suka riƙe shi, tare da haruffansa, da dabarun girkinsa, da sunan kakarsu. Wanda ya je Abalessa yau zai hau tudun ya ga ɗakunan dutse da ramin da babu kowa a ciki. Idan ya sauko cikin gari ya tambayi yara ko wace ce Tin Hinan, zai sami mai ba shi labarin farar raƙuma da gidan tururuwa.