Alhaji Alhassan Ɗantata: Jari, Gasa da Sabuwar Dabara a Kasuwanci

'Yan uwa, duk wanda ya zaga kasuwar Adjamé ko ta Treichville ya san yadda gasa ta yi tsanani: shago goma a layi guda, kaya iri ɗaya, mai saye kuma ɗaya. Wasunmu na cewa ƙarancin jari ne ya durƙusar da su, wasu na cewa manyan kamfanoni ne suka mamaye kasuwa. Don haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin mutumin da ya gamu da matsalolin nan biyu, ya kuma haye su, wato Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda aka sani da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, amma ya rasu tun Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa Amarya ta koma Ankara ta ƙasar Gana, inda ta ci gaba da kasuwanci. Wata dattijuwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan ya samo sunan Ɗantata. Ya yi karatun allo, ya ɗanɗani rayuwar almajirci, sannan yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, daga baya ya samu kansa. Abin da ya tashi da shi bai wuce tattali da haƙuri da sanin hanyar fatake ba.

A wancan zamani goron Gwanja a kan jakuna yake zuwa Kano. Ayari kan shafe watanni a hanya, ana biyan kuɗin fito a bakin koguna, ana fargabar 'yan fashi, goro kuma ba ya jure bushewa. Fatake suna da yawa, kowa hanyar da ya gada yake bi. Wajen 1906 Ɗantata ya fara loda huhunan goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Legas. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Kayansa na riga na wasu isa kasuwa, asara ta ragu, kuɗinsa kuma yana juyawa sau da yawa a shekara. Jirgin na Turawa ne, kowa na iya biya ya hau. Bambancin shi ne ya tara ɗan abin da zai iya gwadawa da shi ba tare da ya karye ba, kuma cunkoson fatake a tsohuwar hanya ya tilasta masa neman wata.

Gwaji na biyu ya zo da gyaɗa. Turawan mulki sun so manoman Arewa su noma auduga don masaƙun Ingila, amma daga 1912 farashin gyaɗa ya fi tsoka, manoma suka karkata gare ta. Kamfanonin Turai suna da kuɗi, da sito, da jiragen ruwa, sai dai ba su san ƙauyuka ba, manomi kuma bai yarda da su ba. Ɗantata yana da abin da suka rasa: yaran gida da dillalai da ya sani tun fataucin goro. Yakan ba su kuɗi ko kaya tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su sayo, su kawo awo. Kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa, daga baya ya zama babban mai sayo wa UAC, wanda aka kafa a 1929, alhali 'yan kasuwa Kwarori suna gogayya da shi a kasuwa guda. Da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano kuma, labari ya shahara cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Abin lura a nan shi ne, dukiyar kamfani ta wuce tsabar kuɗi. Mutanen da suka yarda da kai, da sanin kayanka, da sunanka wajen cika alkawari, duk jari ne. Wanda ke da jari amma ba mai ƙure shi, yakan yi kwance a kan abin da ya saba. Wanda gasa ta matsa masa amma ya cinye uwa da riba, ko ya hango sabuwar hanya ba shi da guzurin binta. Ɗantata ya haɗa biyun, kuma an san shi da sauƙin rayuwa da tsantseni wajen kashe kuɗi har bayan ya zama attajiri.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, sun ci gaba da harkar gidan, Aliko Ɗangote kuma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Har yau goron Anyama yana fita daga Kodebuwa zuwa Najeriya da Nijar da Mali, kuma 'yan uwanmu na cikin masu wannan harka. Tambayar da muke yi wa matasanmu na Adjamé da Treichville ita ce: cikin ribar bara, nawa kuka ware don gwada wata hanyar sayo kaya, ko adana su, ko isar da su ga mai saye? Mutum nawa ne za su ba ku kaya bashi ba tare da takarda ba? Allah Ya sanya albarka a nemanmu, Ya tsare mu daga cin amana, amin.