MARIGAYI JANAR MURTALA MUHAMMED: KWANA ƊARI BIYU A GADON MULKI

 A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya faɗo kan mutumin da babu ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe hotonsa a hannu ba, wato mai naira ashirin, Marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Mu dai muna yara ƙanana ya yi mulkinsa, lokacin allo ne a hannunmu ba mudu ba. Abin da muka riƙe shi ne wata Juma'a da aka sallamo yayyenmu daga firamare tun da hantsi, iyayenmu suka rufe rumfunansu suka dawo suka kewaye rediyo a ƙofar gida, babu mai ce wa wani uffan. Sauran labarin daga bakin dattawa muka ji shi, da kuma abin da yake rubuce.

An haife shi a birnin Kano ran 8 ga Nuwamba 1938, cikin zuriyar malamai da alƙalai. Ya yi elemantare da midil a Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya gama a 1957. Yakubu Gowon ma can ya yi, yana gabansa da 'yan shekaru. A 1958 ya shiga soja, aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandas a Ingila, ya dawo a 1961 ya kama aiki a sashen sigina. Ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Alhaji Inuwa Wada, wanda ya riƙe ministan tsaro a ƙarshen jamhuriya ta farko, kawunsa ne.

Wanda zai ba da tarihin Murtala ya tsallake 1966 da yaƙin basasa bai yi adalci ba. Bayan kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa a watan Janairu, yana cikin jagororin juyin ramuwa na 29 ga Yuli, wanda ya ci ran Janar Ironsi. A ranakun nan yana cikin masu ra'ayin Arewa ta ware, sai da aka sha fama kafin aka shawo kansu Gowon ya hau. Dattawan Kafancan ba su manta da shekarar ba. Garin reluwe ne, tun da dogo ya iso a 1927 Inyamurai suka cika tasha da kasuwa, to a ƙarshen daminar 1966 suka kwashe suka nufi gida, wasu ma ba su kai ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 aka ba shi runduna ta biyu, ya ƙwato Binin cikin ɗan lokaci. Amma a Asaba, cikin Oktoba na shekarar, sojojin rundunarsa sun hallaka ɗaruruwan fararen hula, kuma mutanen can har yau suna juyayin ranar. Ya kuma nace sai ya tsallaka Kwara zuwa Anaca ta ruwa, alhali hedikwata ta ba da shawarar ya zagaya, aka yi asarar sojoji masu yawa. Halinsa ke nan tun farko, in ya ƙudura abu babu mai tanƙwara shi, kuma ba ya jira.

Yanzu bari mu zo kan ƙasar da ya gada. Bayan 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka malalo wa gwamnatin Gowon. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas na watanni. Iyayenmu sun ce ba su taɓa ganin ciniki irin na watannin nan ba, keke da rediyo da babur da atamfa, kome aka kasa sai ya ƙare kafin la'asar. Daɗin bai daɗe ba, domin kaya suka yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, manomin da ba shi da albashi shi ya ji a jikinsa. Ga kuma abin kunyar siminti. Ma'aikatun gwamnati sun yi odar wajen tan miliyan 20, mafi yawa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi layi a teku, kullum ana biyansu kuɗin jira, wani simintin ya daskare a cikin jirgi, kayan 'yan kasuwa kuwa suka rasa hanyar shigowa. Ƙidayar 1973 ta jawo gardama, gwamnoni sun zama sarakunan da ba a taɓawa, daɗin daɗawa ran 1 ga Oktoba 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976.

Ran 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba ya sanar da kifar da shi ba tare da an zubar da jini ba. Murtala, wanda a lokacin shi ne kwamishinan sadarwa na tarayya, ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 36, Obasanjo na biye masa, Danjuma kuma shugaban sojan ƙasa. Nan take ya sauke gwamnoni goma sha biyun duka. Jiharmu, wadda ake kira Arewa ta Tsakiya, aka kawo mata Usman Jibrin, hafsan sojan sama, a madadin Birgediya Abba Kyari. Da aka binciki tsofaffin gwamnonin, biyu kaɗai suka fita da wankakken suna, na Ikko da na Yamma. Ya soke ƙidayar 1973 aka koma kan ta 1963. Ya soke odar siminti da yawa, aka shiga kwashe cunkoson tasha.

Sai kuma babbar kakkaɓa, wadda ita ce talakawa suka fi tuna shi da ita. Cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da dubu goma, tun daga Alƙalin Alƙalai Taslim Elias da manyan sakatarori har zuwa masinja, bisa dalilin cin hanci ko sakaci ko tsufa ko rashin lafiya. Mutum yana zaune a ofis zai ji sunansa a labaran rediyo. An ce a watannin nan ƙarfe bakwai da rabi kowa yana kan teburinsa, takardar da take kwana wata uku sai ta fito a yini guda. Mu 'yan kasuwa da muka san zafin yawo daga tebur zuwa tebur ba za mu raina wannan ba. To amma akwai ɗaya gefen. Ba a ba mutane damar kare kansu ba, shugaban ofis shi ke rubuta sunaye, mai gaba da wani ya samu wuƙa. A unguwarmu akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, saura masa shekara biyu ya yi ritaya aka haɗa da shi. Har ya rasu bai san laifinsa ba, a tireda ya ƙarasa rayuwarsa yana sayar da ashana da sukari. Masana aikin gwamnati da dama suna ganin daga nan ma'aikaci ya daina yarda cewa aikinsa zai riƙe shi har tsufa, sai kowa ya fara tanadin gobensa tun yana kan kujera. In haka ne, ashe maganin ya bar wata cutar a baya.

Ran 1 ga Oktoba 1975 ya shimfiɗa jadawalin komawa mulkin farar hula, ya yanke 1 ga Oktoba 1979, kuma waɗanda suka gaje shi sun cika. Ran 3 ga Fabrairu 1976, bisa rahoton kwamitin Mai Shari'a Irikefe, jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19. Arewa maso Gabas ta rabu uku, Bauci da Barno da Gwangola, Arewa maso Yamma ta rabu biyu, Sakkwato da Neja, Binuwai ta rabu da Filato. Tamu ba a taɓa ta ba, suna kawai aka canza mata zuwa Kaduna, Katsina ma sai 1987 ta samu tata. Maƙwabtanmu na kudancin jihar da suka daɗe suna neman a raba su da Zariya ba su samu biyan buƙata ba, neman jihar Gurara da aka yi ta yi daga baya ci gaban wannan kukan ne. A ranar dai ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Ikko zuwa tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa ya koma Suleja, gwamnati kuwa ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991. Wannan kam mun ci moriyarsa. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, tashar Kafancan ta koma kango, Abuja ce ta riƙe da yawa daga cikinmu, doya da gawayi da manja da zuma da dabbobi duk can suka nufa, samarinmu kuma suka samu wurin neman abinci kusa da gida.

Akwai abu guda da ba a cika danganta shi da Murtala ba, alhali shi ya fi taɓa mu. Ran 18 ga Oktoba 1975 ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, mutum 49, domin Awolowo ya ƙi karɓar kujerarsa. A jawabin ranar ya nuna musu hanyar tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka, ya kuma nemi a riƙa raba muƙamai yadda kowane sashe na ƙasa zai ga nasa a ciki. Niyyar mai kyau ce. Wanda ya ga abin da ya faru a 1966 ya san illar ɓangare guda ya mamaye gwamnati. Kuma mu faɗi gaskiya, Bajju da Atyap da Fantswam da Kaninkon da sauran maƙwabtanmu suna da hujjar kuka, domin sun daɗe ƙarƙashin En'e ana naɗa musu hakimai da alƙalai ba da shawararsu ba.

Matsalar ita ce yadda aka rubuta abin a tsarin mulkin 1979, bayan ransa. Aka ce dole a ɗauki minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Da aka zo fayyace wane ne ɗan jiha, sai aka rataya shi ga iyaye ko kakanni da suka fito daga al'ummar asalin wurin. Ba a ambaci haihuwa ba, ba a ambaci daɗewar zama ko biyan haraji ba, ba a kuma faɗi shekarar da za a fara ƙirgen asalin daga kanta ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda yake cikin jadawalinsa amma Obasanjo ya zartar, ya kafa majalisu wajen 300, da tafiya ta yi tafiya su suka zama masu ba da takardar shaidar asali. Tsarin mulkin 1999 ya kwafi maganar yadda take, hukumar raba daidai da Abaca ya kafa a 1996 kuma da takardar nan take aiki.

Kowa a cikinmu ya san abin da wannan ke nufi. Masarautar Jama'a tun farkon ƙarni na 19 take, ta dawo Kafancan a 1933, Zangon Katab ya daɗe yana zangon fatake, wasunmu kuwa dogo ne ya kawo kakanninsu daga Kano da Katsina da Bauci. Duk da haka a garuruwa da dama na kudancin jihar nan da Filato, yaro zai gama sakandare, ya tashi neman shiga soja ko jami'a ko tallafin karatu, a ce masa baƙo ne. Ya je garin da kakan kakansa ya baro, can ma a ce ba a san gidansu ba. Mun raka yara irin wannan tafiya ba sau ɗaya ba, mun dawo hannu rabbana. Ɗan kudancin Kaduna da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma haka yake sha. Rikicin Kafancan na 1987, da na Zangon Katab na 1992 da ya taso kan sauya wa kasuwa wuri, da na 1999 kan naɗin sarki, da na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwarmu, kowanne da sanadinsa, amma in ka tona za ka tarar da tambayar nan ta wane ne mai gari a ƙarƙashi. Ba mu ɗora wa Murtala alhakin jinin da aka zubar ba. Ya buɗe ƙofa da kyakkyawar niyya, bai rayu ya ga abin da aka shigar ta cikinta ba, waɗanda suka biyo baya kuwa sun yi gyaran tsarin mulki sau da yawa ba su taɓa wannan layin ba.

A waje, ya amince da gwamnatin MPLA ta Angola a Nuwamba 1975, kuma a taron Adis Ababa na Janairu 1976 ya ƙi bin matsin lambar Shugaba Ford na Amurka. A cikin bariki kuwa wuta na ci a ƙasa. Sojan da yaƙi ya kumbura zuwa wajen dubu 250 ana shirin rage shi, ga ƙorafin ƙarin girma da aka yi wa wasu aka tsallake wasu. Shi kuma ya ƙi jiniya da jerin gwanon motoci, yana fita kamar kowa.

Ran Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, kwana goma da sanar da jihohi, yana kan hanyar zuwa ofis a Barikin Dodan cikin baƙar Marsandi, cunkoso ya tsayar da motar a Ikoyi. Mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta, ya rasu tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. A ranar aka kashe Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara. Juyin bai yi nasara ba. An harbe Janar Bisalla da mutum fiye da 30 a watan Maris, Dimka da tsohon gwamna Joseph Gomwalk kuma a watan Mayu. Da yake yawancin waɗanda aka kama 'yan Filato ne da kewaye, iyayenmu sun ce makonnin nan a ɗarare aka yi su a garin nan, kowa na kallon maƙwabcinsa, amma Allah ya tsare ba a taɓa kowa ba.

An kai gawarsa Kano aka yi masa sutura. Ya bar matarsa Ajoke da 'ya'ya shida, yana da shekara 37. A 1977 aka fito da naira ashirin mai hotonsa, a lokacin ita ce babbar takarda a ƙasar, mai ita a aljihu yana iya sayen buhun hatsi. Motar da aka harbe shi a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Ikko, da hujojin harsashi a jikinta. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.