Rabeh Fadlallah: Sarkin Yaƙin da Harsashi Ya Yi wa Ƙaranci

An haifi Rabeh a Halfaya, kusa da Khartum, wajen 1842, ya kuma goge da yaƙi a rundunar Zubairu Rahama, attajirin bayi na Bahrul Gazal. Da rundunar ta watse a 1879, sai ya nausa yamma da ragowar mayaƙanta.

Zamaninsa ne aka fara barin bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ana komawa ga mai cin harsashi ta gindi, wadda kan tashi sau da dama kafin a gama ɗura waccan. Rabeh ya gane wannan tun da wuri. Irin waɗannan na zamani sun shigo hannunsa bayan da Sanusi na Darul Kuti ya hallaka ayarin Bafaranshe Paul Crampel a 1891. A 1893 ya karya rundunar Shehu Hashimi, ya ƙone Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa, gabas da Maiduguri ta yau, inda ganuwarsa take har yanzu.

Sai dai sabuwar bindiga ba ta cin abin da maƙera suka saba haɗawa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta toshe cinikinta a wannan yanki, kamfanin Ingilishi na Neja kuma ya hana shi albarushi. Galibin dakarunsa da tsofaffin bindigogi suka fuskanci Faransawa a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Nan aka kashe shi, tare da kwamandan Faransawan, Lamy.