Raifaizin, Magajin Garin Da Ya Raba Manoma Da Masu Cin Riba

A can ƙasar Jamus, cikin Turai, akwai wani yanki mai duwatsu da kurmi, ba nisa da babban kogin nan Rayin. A wani ƙauye na yankin, wai shi Ham, aka haifi Raifaizin ran 30 ga watan Maris, 1818. Jamusawa suna rubuta sunansa Raiffeisen. Su tara ne wurin iyayensu, shi ne na bakwai. Gidansu ba su da wadata, saboda haka bai yi zurfi a makaranta ba. Limamin cocin ƙauyensu ne ya ƙara masa karatu a gida. Da ya kai shekara 17 ya shiga soja, amma ciwon ido ya fitar da shi a 1843. Sai ya koma aikin gwamnati, a 1845 aka naɗa shi magajin garin Wayarbush.

Ko da ya isa, sai ya tarar da mutanen a cikin ƙunci. Manoma ne masu 'yan ƙananan gonaki, ƙasar kuwa ba ta da albarka sosai. Ba banki ko ɗaya da zai dubi talaka. In mutum ya rasa iri, ko saniyarsa ta mutu, ba inda za shi sai wurin masu ba da bashi da ruwa. Dillalin shanu ya kan ba manomi saniya bashi, ya tsuga mata kuɗi, ya ɗora ruwa mai yawa. Ranar biya in ta zo manomi bai cika ba, sai a kama saniyar, abin da ya riga ya biya ya tafi a banza. In bashin ya yi nauyi, har gona da gida a kan sayar. Ta haka mutum ya kan wayi gari ɗan ƙodago a gonar da ya gada.

Ana nan sai dankalin Turawa ya yi ciwo, hatsi kuma bai yi ba. Cikin hunturun 1846 zuwa 1847 yunwa ta faɗa wa ƙasar. Gwamnati ta aiko da gari, ta ce a sayar wa mai kuɗi hannu. To, wanda yunwa ta fi ci, ina ya ga kuɗin? Raifaizin ya yi ƙarfin hali, ya ba matalauta garin bashi. Sa'an nan ya tara masu hali na garin, suka haɗa kuɗi, suka sayo gari da yawa, suka gina gidan gasa burodi. Burodin ya yi araha ƙwarai, mutane suka tsira. Da lokacin shuka ya zo, aka sayo musu irin dankali, suka biya bayan sun yi girbi. Ya kuma gina makaranta, ya sa aka gyara hanya zuwa bakin kogi, don manoma su kai kayansu kasuwa da kansu.

A 1848 aka mai da shi Filamasfel. Shekara na kewayowa ya kafa jam'iyya da masu hali wajen 60, suka tsaya wa manoma, aka riƙa saya musu shanu suna biya kaɗan kaɗan har shekara biyar. A 1852 aka kai shi Hedesdof, can ma ya kafa wata irinta.

Amma fa duk waɗannan jam'iyyu da gindin masu arziki su ke tsaye. Yau da gobe, masu arzikin suka fara gajiya, suna janye jiki. Raifaizin ya daɗe yana juya abin a ransa, har ya gane mai karɓar taimako kullum ba ya tsayawa da ƙafarsa. Ashe maganin yana hannun manoman. Manomi guda ba wanda zai amince ya ba shi rance, amma manoma ɗari in suka tsaya wa juna, maganarsu ta yi nauyi. A 1864 ya sāke jam'iyyar Hedesdof, ta zama masu cin bashin su ne 'yan jam'iyya, su ne masu ita.

Ga yadda irin wannan jam'iyya ta tsimi da tanadi ta ke aiki a zamanin Raifaizin. Ba ta wuce ƙauye ɗaya ko 'yan ƙauyuka maƙwabta, don kowa ya san kowa. Mai ɗan rarar kuɗi ya kawo ajiya, ma'aji ya rubuta a littafi. Mai bukata ya zo gaban 'yan kwamiti ya faɗi abin da zai yi da rancen, ya kawo wanda zai tsaya masa. In garma zai saya, ko iri, ko saniya, a ba shi, ya biya a hankali da ɗan ƙari kaɗan. In an san shi malalaci ne ko almubazzari, a hana shi, gama a ƙauye halin mutum ba ya ɓoyuwa. 'Yan kwamiti ba su da albashi, ma'aji kaɗai a ke biya. Ribar da aka samu ba a rabawa, sai a tara ta a asusun jam'iyya saboda ɓacin rana. Doka mafi tsanani ita ce, in jam'iyya ta faɗi, dukan 'yan jam'iyya ne za su biya da dukiyarsu. Wannan doka da nauyi ta ke, amma ita ta sa kowa ya buɗe ido a kan kuɗin. Abin ya ɗan yi kama da adashinmu, sai dai adashi ya kan ƙare in kwasa ta kewaya, jam'iyya kuwa tana nan shekara da shekaru.

Shi kansa Raifaizin bai huta da wahala ba. Matarsa ta rasu a 1863, shi kuma ya yi zazzaɓi mai tsanani, idonsa ya ƙara lalacewa. Tilas ya bar aiki a 1865, fanshonsa kuwa kaɗan ne. Duk da haka a 1866 ya fitar da littafi mai bayanin yadda a ke kafa jam'iyyar. 'Yarsa Amaliya ta zama idonsa, yana faɗa tana rubutawa, tana karanta masa wasiƙu. Da jam'iyyu suka yi yawa, a 1872 ya haɗa su suka yi banki nasu, don wadda ta ke da rara ta agaji wadda ta gaza.

Ya rasu ran 11 ga Maris, 1888, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 70. Ya bar jam'iyyu fiye da 400 a Jamus. Bayansa dabarar ta ƙetare teku. A 1900 aka kafa irinta a Kanada, a 1904 aka yi mata doka a Indiya, a 1955 kuma aka buɗe ɗaya a Jirapa, arewacin ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Har yau a Jamus da Ostiriya da Suwizalan akwai bankuna masu ɗauke da sunansa a bakin ƙofarsu.