TARIHI: Sergei Korolev, tsohon fursunan da ya kai ɗan Adam sararin samaniya

Ranar 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Sunansa ya karaɗe ko'ina, amma na injiniyan da ya jagoranci ƙera kumbon, Sergei Korolev, Tarayyar Sobiyet ta ɓoye shi har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haifi Korolev a 1907 a garin Zhytomyr da ke Yukren ta yau. Yana tsaka da binciken roka a Mosko, kamen da Stalin ya ƙaddamar ya rutsa da shi a 1938. Aka laƙa masa laifin zagon ƙasa, aka tura shi sansanin gwale-gwale na Kolyma, inda fursunoni ke haƙar zinare cikin azababben sanyi. Can ya rasa yawancin haƙoransa. Daga bisani aka mayar da shi kurkukun injiniyoyi, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai 1944.

Gwamnatin da ta ɗaure shi ce ta dawo tana dogaro da basirarsa. Rokarsa, R-7, ita ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a Oktoban 1957.

Kafin a ɗora mutum, sai da aka gwada kumbon sau da dama. A Mayun 1960 aka harba na farko babu kowa ciki, ya saki hanyar dawowa ya ƙara lulawa sama. A Yuli roka ta tarwatse da karnuka biyu. A Agusta karnuka Belka da Strelka suka kwana suna kewaya duniya, suka dawo da rai. A Disamba wasu biyu suka halaka a hanyar saukowa. Sai a Maris 1961 gwaji biyu a jere suka yi nasara, kowanne ɗauke da kare da mutum-mutumi. Nasarar ce ta sa aka amince Gagarin ya hau, ya kuma dawo lafiya bayan minti 108.

Korolev ya rasu ranar 14 ga Janairu, 1966, ana cikin yi masa tiyata a Mosko, yana da shekara 59. Sai a sanarwar mutuwarsa talakawan ƙasarsa suka san sunansa, aka kuma ajiye tokar gawarsa a katangar fadar Kremlin.