Clara Foltz: Lauyar da ta assasa ofishin kare talakawa a kotunan Amurka

An haifi Clara Shortridge Foltz a jihar Indiyana ta Amurka a shekarar 1849. Ta yi aure tana da shekara 15, daga baya mijin ya tafi ya bar ta da 'ya'ya biyar a jihar Kalifoniya. Neman abin da za ta riƙe su da shi ne ya kai ta ga karatun shari'a.

A wancan zamani dokar jihar ta keɓe aikin lauya ga maza farar fata. Foltz ta tsara ƙudurin gyara, majalisa ta amince da shi, kuma a 1878 ta zama mace ta farko da ta zama lauya a Kalifoniya.

Zirga-zirgar kotu ta nuna mata halin da marasa galihu ke ciki. Alƙali kan haɗa talaka da lauyan da bai goge ba, wanda sau da yawa ba a biyansa, alhali mai gabatar da ƙara yana da albashi da 'yan sanda a bayansa.

A 1893, a wani taron masana shari'a a birnin Shikago, ta gabatar da mafita: gwamnati ta samar da jami'in da aikinsa shi ne kare wanda ake tuhuma. A ganinta, a biya shi daga baitulmali, a ba shi daraja da kayan aiki daidai da na mai gabatar da ƙara, domin gwamnatin da ke gurfanar da mutum ita ce ya wajaba ta tabbatar ba a hukunta marar laifi ba.

Gundumar Los Angeles ta buɗe ofishi irin wannan na farko a Amurka a 1914, ƙarƙashin Walton Wood. A 1921 Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba gundumominta damar yin haka.

Foltz ta rasu a 1934. Sai a 1963, a shari'ar Gideon, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa jihohi samar da lauya ga talakan da ake zargi da babban laifi.

A Nijeriya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 ce ke ɗauke da wannan nauyi. Ma'aunin da Foltz ta bari yana nan: mai kare talaka ya samu ƙarfin da mai tuhumarsa yake da shi.